Shaidar da Kawu Ke Bari a Ƙarƙashin Tanki

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar wata Laraba da hantsi Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika, bayan tarin da ya yi wata biyu yana ce mana mura ce. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin babura da yawa a lungu ɗaya ba kamar yadda na gani a ƙofar gidansa a Ƙofar Atiku. 'Yan kabu-kabu suka jera su tun daga bakin titi har gindin rumfar da yake fenti. Dangin mahaifina, waɗanda malamai ne, da suka zo daga Mabera sai da suka tattare manyan rigunansu suna ratsawa a karkace. Su dai abin da suka sani game da mamacin shi ne surukinsu ne mai fentin babur, mutumin kirki, ba ya wuce sahun farko.

Bayan an dawo daga maƙabarta an zazzauna, wani dattijon ɗan kabu-kabu ya tashi daga tabarma. Ya je wurin babur ɗinsa, ya kwance kujerar, ya sunkuya yana kallon bayan tanki. Ya daɗe a haka. Sai wani ya tashi ya yi yadda ya yi, sai wani. Can sai ga mutum kusan goma a tsaye, kowa da kujerar babur a hannu, suna nuna wa juna wani abu da yatsa.

Baba ya karkato wajena ya ce, "Mi suke nema haka? Wani abu ya ɓace?"

Na san abin da suke kallo. Na ce, "Ba abin da ya ɓace, Baba."

Mutum ɗaya ne cikinsu ya zo da ƙafa. Dogo suke kiransa. Kwana uku yana zaune a ƙarshen tabarma, in an ce masa ya haƙuri sai ya ce da godiya, ya mayar da kai ƙasa. Ranar uku, bayan an shafa addu'a, matar Kawu, wadda muke kira Gwaggo, ta aika aka kira ni cikin gida. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta.

"Malam ƙarami, tankin Dogo na rataye cikin rumhwa. Kawunka ya hwara, ciwo ya kada shi. Bawan Allah wanga sati guda ke nan bai hita aiki ba, ga iyali, kunya ta hana shi magana."

"Gwaggo, a kai ma wani mai fenti mana."

"Na hwaɗa mai haka. Ya ce shi hannun gidan ga yake so. Duk zuri'ar nan wa ya taɓa riƙe bindigar fenti in ba kai ba?"

Na karɓi mabuɗin saboda ba a mayar wa mai takaba hannu. Amma shekara biyu ke nan ban taka cikin rumfar nan ba, kuma tankin Dogo ne ya fitar da ni daga cikinta. Ban san ko hannuna zai tuna aikin ba. Abin da ya fi wannan damuna, ban san ko Kawu ya tafi yana ganina a matsayin wanda ya cancanci taɓa masa kaya ba.

Inna ce ta kai ni wurinsa. An shiga dogon yajin aiki a jami'a, na koma gida na kulle kaina a ɗaki da littattafai. Ta ce in aka bar ni haka wata rana za a buɗe ƙofa a tarar na zama takarda. Ta tasa ni gaba har Ƙofar Atiku, ta ce, "Yaya, ga ɗanka, ka sa mai rana ta taɓa shi."

Kawu gajere ne, kakkaura, mai furfura a gemu. In kana son sanin launin da ya fesa ranar, gemun za ka duba. Ya kalli farar rigata, ya kalli yatsuna, ya ce, "Wanga hannu ko tuwo ya taɓa tuƙawa?" Tun daga ranar ya raɗa mini Malam ƙarami.

Na ɗauka bindigar fenti zai miƙo mini. Sai ya turo mini kwanon ruwan sabulu da sanfefa da wani tsohon madigadi. Sati uku ina gurza. In na ce na gama, ba ya ma kallon abin. Sai ya rufe ido, ya bi shi da tafin hannu a hankali kamar mai shafa kan jariri, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Nan." Ni ban ga komai a wurin ba. Ya ce ido yana da kara, hannu ne ba ya da ita. Duk ramin da ka bari, fenti ba zai rufa maka asiri ba, shelarsa zai yi.

Na sami abin da ya dace da halina a gurzar nan. Ba a magana, ba a gaggawa. Inda muke samun matsala shi ne wurin naɗe sassan da ba a son fenti ya taɓa. Da tsofaffin jaridu ake yi, ni kuwa ba na iya riƙe rubutu ban karanta ba. Sai ya juyo ya gan ni tsaye da rabin shafi a hannu, salatif na reto a yatsa.

"Malam ƙarami, mi anka ce?"

"Wai za a gyara hanyar..."

"Jaridar shekara nawa ta?"

"Huɗu."

"An gyara?"

"A'a."

"To naɗe man tanki da ita, ta yi amfani ko sau guda."

Da sassafe yake feshi, kafin rana ta yi ƙarfi, domin zafin Sakkwato yana busar da fenti tun yana cikin iska, ya sauka a kan ƙarfe kamar gari. Zai yayyafa ruwa da buta a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Zai dama fenti da tina, ya tace da guntun tsohon gyalen Gwaggo, ya ɗaga tsinke ya kalli yadda yake ɗiga. Sai ya tada kwamfureso, ya ɗaure hanci da tsumma, ya yi bisimilla. Daga nan ko sallama aka yi sai dai ya gyaɗa kai, sai ya kai ƙarshen layi zai amsa. In ya gama ya sha nono kofi guda, wai shi ke wanke ƙirji. Na taɓa ce masa na karanta cewa nono ba ya hana fenti shiga huhu, har na sayo masa abin rufe hanci na gaske a wani shago a Sama Road. Ya yi godiya sosai, ya rataye shi a ƙusa, ya riƙa tara ƙananan notuna a ciki.

Ba ya zubar da ragowar fenti. Abin da ya saura a kofin bindiga, duk wanda ya kawo abu a lungun zai fesa masa. Shi ya sa har yau in ka shiga gidajen wurin za ka ga kujerar tsakar gida ja wur irin jan babur, akwatin ƙarfe shuɗi, murfin rijiya kore mai ƙyalli. Wata tsohuwa ta taɓa kawo keken ɗinkinta, ya fito rabi baƙi rabi ruwan azurfa, saboda baƙin ya ƙare a tsakiya. Ta ce ya fi kyau haka.

Da ya ba ni bindiga, ruwa ya zuba a ciki, ya nuna mini bango. Tazarar taƙi ɗaya tsakaninka da abin da kake fesawa. Hannu ya fara tafiya kafin ka ja kunama, kuma ka saki kunama kafin hannu ya tsaya. Shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Na rubuta duk wannan a ƙaramin littafina, ya yi dariya har da tari.

Daga ruwa na koma fenti a kan tsohon kwano, nan aibina ya fito. Ni mutum ne mai komawa ya duba. In na ga wurin da bai ji ba, sai in tsaya in ƙara masa, fentin ya taru ya zubo. Majina Kawu ke kiran wannan.

"Kwanonka na mura, Malam ƙarami. A kawo mai hankici."

'Yan kabu-kabun da ke zaman jira a benci suka samu abin yi. In na iso da safe sai su tambaye ni ya mai jiki. Kawu ya bar su su yi, sannan ya kama gwiwar hannuna daga baya ya tafi da ni, dama zuwa hagu, hagu zuwa dama. "Karatu aka komawa a maimaita," in ji shi. "Nan in ka wuce ka wuce. Abin da ka bari, zagaye na biyu shi ɗauke shi."

Akwai abu ɗaya da na lura da shi ban tambaya ba. A kowane tanki, can baya inda kujera ke rufewa, Kawu kan manna ɗan salatif kamar girman babban yatsa tun kafin a fara gurza. In an gama aiki ya ɓare shi, sai a ga ɗan tabo na tsohon launi a tsakiyar sabo. Abin yana sosa mini rai. Mutumin da ke jin ramin da ido ba ya gani, ya bar wannan? Na yanke wa kaina cewa wata tsohuwar al'ada ce da ta rasa dalili. Da na yi tambaya da an gaya mini. Amma ni tambaya tana yi mini nauyi fiye da gurzar sati uku.

A wata na biyar Dogo ya kawo jan tankinsa yana son shuɗi. Kawu ya manna salatif ɗinsa, na gurza, ya fesa farar ƙasa mai ruwan toka da ake fara sawa. Washegari ya dama shuɗin, ya miƙo mini bindiga.

"Naka na. Za ni ɗaurin aure in dawo."

Dogo ya dafe kai. "Baba, tankina za ka bar ma mai mura?"

"In ya ɓata, ni ad da asara."

Na yi shafa uku, ban tsaya ba ko sau ɗaya. Tankin ya fito kamar a duba fuska. Daɗi ya kama ni, na juya tankin, na ga salatif ɗin. Na ce yau dai za a yi aiki cikakke. Na ɓare shi, na saita bindiga a kan jan tabon, na tsaya a wurin har ya ɓace. Fentin ya taru ya zubo 'yar majina, amma na ce kujera za ta rufe.

Kawu ya dawo da goro a baki. Ya zagaya tankin sau biyu, na ga gemunsa yana motsi irin na mai shirin murmushi. Sai ya sunkuya ya leƙa baya. Ya miƙe.

"Ina shaida?"

"Na... na rufe, Kawu. Na ga kamar an manta ne."

"An manta." Ya tofar da goron. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. "Shekara talatin ina mantuwa, sai kai ka zo ka tuna man? Ɓarawo kaka yi ma aiki? Wanda ad da ilimi tambaya yake yi. Kai naka karatun na gyaran abin da ba ka sani ba na!"

A gaban mutum shida ya faɗi wannan. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Ya ce a bar fentin ya kwana. Da safe ya ba ni sanfefa mafi laushi da kwanon ruwa, ya ce in nemo jan nan, kuma in na huda shi na kai ga ƙarfe, kada in ƙara zuwa. Na naɗe sanfefar a kan yatsa ɗaya. In shafa sau uku, in wanke, in duba. Tun hantsi har aka kira la'asar, sallar azahar kawai ta tashe ni. A hankali shuɗin ya yi ta kodewa, har jan ya leƙo, ya buɗe kamar girman yatsa. Majinar tana gefensa, ban taɓa ta ba don tsoron kada in ɓata wurin.

Kawu ya duba, ya shafa, ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. Na wanke hannu na tafi gida.

Inna ce ta ba ni labarin da ban nema ba. Tun Kawu yana saurayi, wani ya kawo masa babur ya ce a sauya masa launi gaba ɗaya. Ya yi aikin tsaf, ciki da waje, yana alfahari. Bayan kwanaki sai ga wani magidanci ya biyo sawu har rumfar, ya ce nasa ne aka sace, ja ne. An goge lambar inji, launi kuma ya tafi. Aka tambayi Kawu, ya ce ja ne ya gani, wancan ya ce ƙarya ne, maganar yaro ba ta yi nauyi ba. Magidancin ya dafa tankin yana cewa wallahi nawa ne, ba abin da zai nuna. Haka ya tafi da ƙafa. Tun ranar Kawu bai ƙara shafe launin kamfani gaba ɗaya ba. Wanda duk ya ce kada a bar shaida, sai ya ce masa ya gwada rumfar gaba.

Jin wannan ya kamata ya mayar da ni in ba da haƙuri. Sai ya ƙara mini kunya. Na ce gobe, na ce jibi, aka janye yajin aiki, na koma makaranta. Ina zuwa gaishe shi da salla, a zaure. Ya tambayi karatu, in ce alhamdu lillahi. Sau ɗaya ya ce, "Bango na nan hwa, in kana son ruwa." Na yi murmushi na kalli ƙasa. Ban gane gayyata ce ko zolaya ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar huɗu da rasuwarsa na buɗe rumfar bayan asuba. Warin tina ya tare ni. Hularsa da fenti ya sandarar tana kan benci, abin rufe hancin yana ƙusarsa. Na juye notunan a gwangwani na ɗaura shi. Tankin yana rataye da waya, an gurza, an cike lotsawar da ya yi, an fesa farar ƙasa. Gwangwanin koren fenti yana ƙarƙashinsa. Na rufe ido na bi shi da tafin hannu. Ban sami inda zan ce "nan" ba.

Dogo ya iso ina yayyafa ruwa. Ya zauna a benci.

"Malam ƙarami, ya mai jiki?"

"Ya ji sauƙi, in Allah ya so."

"Allah shi sa. Don ni ba ni da kuɗin hankici."

Na fara da bango, da ruwa, har hannuna ya tuna tafiyarsa. Sannan na dama, na tace, na leƙa bayan tankin don in tabbatar salatif yana nan. Guda biyu na gani, kusa da juna. Na ce ko ciwo ne ya sa Kawu ya manna sau biyu. Wannan karon ban gyara masa ba.

Na yi bisimilla. A shafar farko na ga wani wuri a gefen hagu da bai ji ba, duk jikina yana cewa koma. Na wuce. Zagaye na biyu ya ɗauke shi. Kafin rana ta hau katanga na gama na uku. Bai kai na Kawu ba, kusa da murfi ya ɗan yi gari-gari. Amma babu majina.

Da ya sha iska na sa farce na ɓare salatif na farko. Jan kamfani, wanda na yini ina nema. Na ɓare na biyu. Shuɗi ne, da 'yar majinar nan a tsakiyarsa, ta bushe yadda na bar ta.

Kawu launin kamfani kaɗai yake bari. Na ga tankunan da ya fesa sau uku, tabo ɗaya ne a jikinsu. Na juyo na kalli Dogo.

Ya ce, "Ni ma na tambaye shi. Na ce Baba, wanga na biyu hwa, shaidar mi ta? Ya ce wagga ba taka ba ta. Tankin hwarko na ɗana na, ba a shahe shi. Na ce har da majinar? Ya ce ita ad da muhimmanci, da ita za ya gane hannunshi in ya dawo."

"Ya ce in na dawo?"

"Awo. Ya ce kunya ta, tana ƙarewa. Shi ma ya taɓa yin tashi kunyar."

Na zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen wurin da na yayyafa wa ruwa. Dogo ya tashi ya fita waje, ya daɗe yana duba tayar babur ɗin wani.

Bayan kwana biyu muka ɗaura tankin, kujera ta rufe tabon biyu. Ya tada babur, ya ɗauki fasinja tun kafin ya fita lungun. Na kai wa Gwaggo mabuɗi, ta ce in riƙe, ita me za ta buɗe da shi. Ragowar koren da ya saura a kofi na fesa wa kujerarta ta tsakar gida.

Ban zama mai fenti ba, saura mini shekara guda a makaranta. Amma ranar Asabar nakan buɗe rumfar da sassafe, in akwai mai ƙaramin aiki in yi masa, in manna salatif kafin in taɓa sanfefa. Masu ta'aziyya sun watse, an naɗe tabarmi. Na rubuta wannan ne don ranar da wani zai kwance kujerar tsohon babur a garin nan, ya ga ɗan tabo, ya ɗauka mai fentin ne ya yi mantuwa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya ƙirjin da ya sha wahala. Ya rufe masa abin da yake so a rufe, Ya bar masa shaidar alherinsa a fili ranar da za a duba. Mu kuma da muka yi jinkirin komawa, Allah Ya yafe mana. Amin.